Mutum bakwai a hoto, ɗaya ne ya tsufa

A ƙarshen 2024 jikar tsohon da na taɓa haya a gidansa a Beljiyam ta turo mini saƙo cewa ya rasu. Shekararsa 96. Ta haɗo da 'yar sanarwar da suka buga a jaridar yankinsu: an haife shi a Abruzzo ta ƙasar Italiya a 1928, ya sauka Beljiyam a 1947, mutum ne mai aiki tuƙuru, mai riƙon iyali, ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki tara da tattaɓa-kunne shida. Na karanta sau biyu. Ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba, amma raina bai kwanta da ita ba.

Irin wannan sanarwa ba ta yankewa a jaridun Toronto da New York da Buenos Aires da Melbourne, kuma kusan duk ɗinki ɗaya ne. Ya zo da akwatin kwali ɗaure da igiya, ya yi leburanci, ya gina gida, ya shuka tumatir a bayan ɗaki, ya cika a tsakiyar zuriyarsa. Mai karatu sai ya gyaɗa kai ya ce ka ga ribar haƙuri da zufa. Wani ma har ya juya ya nuna wa baƙin yau yatsa, ya ce ga yadda baƙin kirki suke. Wannan fahimtar nake so in musa. Tsawon rai na Allah ne, babu mai ja. Amma in ana maganar sababi, zufar nan da ake yabo ita ce ta kashe abokansa. Abin da ya samu su ba su samu ba shi ne mace da aka bari ta biyo shi, da takardar da ta ba shi ikon cewa na gaji.

Na san shi a 2013, lokacin da na bar Maraɗi na je ƙaro karatu a birnin Liège na Beljiyam. Duk baƙar fatar da ya taɓa neman ɗakin haya a Turai ya san wasan: a waya ɗaki yana nan, kana isa ƙofa an riga an kama. A gida na shida, a Seraing, wani gajeren tsoho mai hular ulu ya buɗe, ya dube ni sama da ƙasa, ya yi mini tambaya biyu da Faransancinsa mai ƙaurin Italiyanci. Kana shan taba a kan gado? Ka iya riƙe shebur? Na ce, Baba, ni ɗan manomi ne. Ya ce to shigo. Shekara biyu na yi a ɗakin sama, rabin haya da kuɗi, rabi da kaftu a lambu. Matarsa, wadda nake kira Mama, ta ware mini tukunyar miya dabam, ba alade ba giya, ban ma roƙa ba. Sharaɗinta ɗaya, ban da cin abinci a tsaye kamar doki.

A ɗakin girki, saman firji, akwai wani tsohon hoto na samari bakwai tsaye gaban ɗakin kwano mai kama da ganga da aka tsaga biyu aka kife. A 1948 aka ɗauke shi. In ya ga ina kallo sai ya sauko da shi ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. Hannun kansa abin kallo ne, duk bayansa zane-zane shuɗi-shuɗi kamar shasshawa, inda dutse ya yanke shi a ramin haƙar kwal, ƙurar kwal ta shiga, fata ta warke a kanta. Wannan rufin rami ya faɗo masa, bai kai talatin ba. Waɗannan biyun wa da ƙane ne, sun koma ƙauye da tari, ba wanda ya ga 55. Wannan kwalba ta cinye shi. Wannan ya haura sittin, amma shekara goman ƙarshe a zaune yake barci, da tulun iska a gefen gado. Wannan ya tafi Kanada, labarinsa ya yanke. Sai ya ɗora yatsa a kan na bakwai, wani siriri mai manyan kunnuwa, ya ce, wannan kuma jaki ne da ya ƙi mutuwa.

Duka bakwai ɗin sun yi aiki tuƙuru, duka sun yi haƙuri. Jarida na bakwai kawai ta gani, don shi ne ya rayu har aka sami jikar da za ta rubuta masa sanarwa.

Zuwansu ma ciniki ne, a rubuce. Yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Italiya ba aiki ba makamashi, Beljiyam kuma ga kwal jibge a ƙarƙashin ƙasa amma 'ya'yanta sun daina yarda su shiga rami. Ranar 23 ga Yunin 1946 gwamnatocin biyu suka sa hannu: Italiya za ta aiko da ma'aikata 50,000, mutum 2,000 duk mako, Beljiyam kuma ta sayar mata da kwal, kilo 200 a rana kan kowane mutum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka lilliƙa sanarwa masu ruwan hoda a bangon ƙauyuka, an jero albashi da hutu da kwal na ɗumama ɗaki, ba a ambaci ƙura ba. Likitoci suka duba samarin a ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Milan, aka zuba su a jirgi. Masaukin da aka ba da yawansu shi ne ɗakunan kwanon da aka tsare fursunonin yaƙi a ciki. Wanda ya sauka rami ya firgita ya ce ba zai koma ba, tsare shi ake yi a tasa ƙeyarsa gida. Sai ka yi shekara biyar a rami kafin a ba ka izinin neman wani aiki. Baba ya ce ranar farko da kejin da ke sauke su cikin rami ya sake su, ya ɗauka igiya ce ta tsinke, don bai taɓa ganin ramin da ya wuce rijiyar ƙauyensu ba. In sun fito kuma, wasu mashaya da gidajen haya sun manna takarda a ƙofa: ban da karnuka, ban da 'yan Italiya. Da ya ba ni wannan labarin na gane dalilin da ya sa bai tambaye ni daga ina nake ba kafin ya ba ni ɗaki.

Sai ranar 8 ga Agustan 1956. A mahaƙar Bois du Cazier da ke Marcinelle, kusa da Charleroi, da misalin ƙarfe takwas da minti goma na safe, a zurfin mita 975, aka ja keji sama alhali keken kwal bai gama shiga ba. Keken ya fizgo wani ƙarfe, ƙarfen ya tsinka wayoyin lantarki da bututun mai da na iska. Wuta ta kama a ramin da iskar shaƙa ke bi ta shiga, don haka hayaƙi ya bi iskar ya cika ko'ina. Mata suka yi mako biyu riƙe da ƙarafunan ƙofar mahaƙa. Ranar 23 ga wata masu ceto suka hauro daga can ƙasa, ɗayansu ya faɗi kalma biyu da Italiyanci, ma'anarsu duk gawa ne. Mutum 262, daga ƙasashe 12. Cikinsu 136 'yan Italiya ne, kuma kaso mafi girma 'yan Abruzzo, yankin su Baba. Har yau duk 8 ga Agusta ana buga ƙararrawa sau 262 a wurin.

Shi ba a can yake aiki ba, raminsa a yankin Liège yake. A lokacin ya yi shekara tara a rami, ya wuce biyar ɗin da aka gindaya, yana da ikon fita amma ya ƙi, don mai sara gwargwadon abin da ya sara ake biyansa, shi kuma yana tara kuɗin fili. Mama ce ta ba ni sauran labarin, tana yankan albasa, shi yana zaune yana yi kamar ba da shi ake ba. Ya je gida ya aure ta a 1951, ta iso bayan shekara guda. Daren da labarin Marcinelle ya tabbata, ya dawo daga aiki ya tarar da akwatin kwalin nan nasa a kan tebur, an cika shi an ɗaure, yara biyu zaune da takalma a ƙafa. Ta ce masa in ka sauka gobe, in ka hau ba za ka same mu ba, ni ban zo ƙasar mutane don in riƙe ƙarfen ƙofa ba. Ya yi kwana uku bai yi mata magana ba. Ran na huɗu ya je wurin wani magini ya roƙi aikin kwaɓa siminti, albashi ƙasa da na rami nesa ba kusa ba. Fili ya jira ƙarin shekara shida. Da ta kai nan sai ya ce daga kujerarsa, ta jawo mini asara. Ta ce, eh, asarar ce take numfashi a kujera.

Sauran shidan ba wanda ke da mai yi masa wannan rigima. Gwauraye ne a ɗakin kwano, ko masu mata a can ƙauye, matan da ba abin da suka sani game da rami sai takardar kuɗi da ke zuwa ƙarshen wata. Mutumin da iyalinsa ke nesa, ba mai jin tarinsa da dare. Da abin da ya aiko ake auna shi, har shi ma ya koma auna kansa da haka, ya ƙara awa, ya cire ƙyallen hanci don yana rage masa sauri.

Beljiyam ba don tausayi ta bar matan suka zo ba. So take mazan su kafu su daina gudu, kuma haihuwa ta yi ƙasa a yankin masu kwal. Ko ma mene ne dalilin, an buɗe ƙofar. Cutar ƙura kuwa, wadda ke daskarar da huhu, ba a yarda cutar aiki ce da ake biyan diyya a kanta ba sai da dokar Disambar 1963 ta zo, bayan 'yan ƙwadago da ƙungiyoyin 'yan Italiya sun yi shekaru suna matsa lamba. Kafin nan da yawa sun koma ƙauyukansu, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Waɗanda suka zauna da iyali su ne suka ga diyya da fansho, 'ya'yansu suka shiga makaranta. Lokacin da na shiga gidan, firaministan ƙasar Elio Di Rupo ne, ɗan baƙin Abruzzo da aka haifa a Beljiyam a 1951. Baba ba ya rasa abin kushewa a siyasarsa, amma in ya fito a talabijin sai ya ce a yi shiru ɗanmu na magana.

Suwizalan ta bi wata hanyar. Can an yi dokar ɗan ci-rani: wata tara kana aiki, wata uku ka fita, ba ka da izinin kawo mata ko ɗa. Dokar ta rayu har 2002. Iyaye suka riƙa shigo da 'ya'ya a ɓoye, yaro ya wuni a kulle, an hana shi kuka, an hana shi leƙa taga, makaranta kuwa ba a maganarta. A Mattmark, ranar 30 ga Agustan 1965, dutsen ƙanƙara ya ɓallo ya danne ɗakunan masu aikin madatsar ruwa, mutum 88 suka mutu, 56 'yan Italiya. A ƙarƙashin ƙanƙarar aka kafa musu ɗakunan.

Akwai wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka, sunansa Roseto, da masu son labarin tsawon rai ba sa gajiya da ambata. Mutanen wani ƙauye mai suna Roseto Valfortore suka kafa shi tun shekarun 1880, aikinsu fasa dutsen da ake rufin ɗaki da shi. A farkon shekarun 1960 wani likita, Stewart Wolf, da abokan aikinsa suka gano cewa mutuwa ta bugun zuciya a garin kusan rabin ta maƙwabtansu ce, alhali suna shan taba, suna cin kitse, suna aikin ƙarfi. Suka duba abinci, suka duba ruwa, suka duba jini, daga ƙarshe suka tsaya a kan zumunci: kaka da uba da jika a gida ɗaya, tukunya ɗaya, ba tsohon da ake bari shi kaɗai. Suka ce in wannan zama ya watse bambancin zai tafi, kuma zuwa shekarun 1970, da jikoki suka warwatsu, ya tafi. Masana sun yi gardama kan alƙaluman, don garin bai kai mutum 2,000 ba, ni ma ban ɗora hujjata a kansu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ƙauyen asali yake.

Roseto Valfortore a lardin Foggia take, a kudancin Italiya. A wannan lardin, a wani tsohon filin jirgin sama da ke Borgo Mezzanone, dubban 'yan Afirka ke kwana yau a ɗakunan kwano da katako da leda. Su ke tsinke tumatirin da ake zubawa a gwangwani. Da asuba dillalin lebura, wanda suke kira caporale, zai zo da motarsa ya zaɓi wanda ya ga dama. Akwatin da ke cin kilo 300 ana biyan Yuro uku ko huɗu in ka cika shi, sannan dillali ya cire kuɗin mota. A watan Agustan 2018, cikin kwana uku, ma'aikata 16 suka mutu a haɗurra biyu na irin waɗannan motoci a lardin. An yi doka a 2016 don hukunta dillalan da masu gonar da ke amfani da su, amma a Yunin 2024, kusa da birnin Latina, inji ya guntule hannun wani ɗan Indiya mai suna Satnam Singh, mai gonar ya ɗauke shi ya yar a ƙofar gidansa, da hannun a cikin akwatin kayan lambu. Bayan kwana biyu ya cika. Da na ga hotunan Borgo Mezzanone, hoton saman firji na tuna. Kwanon ma iri ɗaya ne.

Na san abin da za a ce mini, don Baba da kansa ya faɗa. A Oktoban 2013 muna zaune muna kallon labarai, aka nuno akwatunan gawa jere a tsibirin Lampedusa na Italiya, 'yan ci-rani 368 da jirgin ruwansu ya nutse ranar 3 ga wata. Ya girgiza kai ya ce, mu da takarda muka zo, kiranmu aka yi. Da sigar zargi ya faɗa, kuma raina ya ɓaci, sai dai ba a mayar wa tsoho magana a gidansa. Mama ce ta ce, takardar da ta sayar da kai kilo 200? Ya yi shiru, ya tashi ya fita lambu wurin ɓaurensa.

Yanzu da na daɗe ina juya maganar, ina ganin ya faɗi gaskiya ta inda bai nufa ba. Takardar nan, duk muninta, ita ta ba shi ikon barin rami ba tare da an kore shi daga ƙasa ba. Ita ta shigar da shi ƙungiyar ƙwadago, ta kai shi gaban likita, ta sa aka buga wa Mama hatimi a kan iyaka. Ban musa cewa kowace ƙasa na da ikon tsare ƙofarta ba. Amma Italiya da bakinta ta ware gurbin ma'aikata baƙi 452,000 na shekarun 2023 zuwa 2025. Tun 2022 jariran da ake haifa a ƙasar a shekara ba su kai 400,000 ba. Tsofaffinta da ake yabon tsawon ransu, da yawansu matan Romaniya da Yukiren da Filifin ne ke juya su a gado. Tana buƙatar hannuwa, ta sani. Abin da take ƙyashi shi ne sauran jikin. Dokar 2002 da ake kira Bossi-Fini ta ɗaure izinin zama da kwantiragin aiki, to wa zai kai ƙarar maigidan da takardarsa ke hannunsa? Yaron da baƙi suka haifa a Italiya sai ya kai shekara 18 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. A Yunin 2025 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a rage jiran manya daga shekara goma zuwa biyar, ta faɗi don waɗanda suka fito kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai. Wannan fa ƙasar da mutum kusan miliyan 26 suka bari tsakanin 1876 da 1976.

Kada mu ɗora wa Turawa duka kayan, mu ma da namu. Yawancin mutanenmu a Libiya da Aljeriya suke tsayawa, kaɗan ne ke ƙetare teku, amma halin da muke yi musu ɗaya ne. Da, ci-rani sunansa ci-rani: a tafi bayan kaka, a dawo kafin ruwan shuka. Yanzu ya cinye rani ya haɗa da damina, shekara ta bi shekara. Mu kuma a gida ba ma tambayar ina yake kwana, me yake shaƙa. Sallah ta zo, suna ya zo, ɗaki na yoyo, a kira wane. Ranar da ya ce yana son matarsa ta same shi, a nan za ka ji dangi sun yi caa: in ta je ta mallake shi, wa zai riƙa aiko mana? Na ji wannan magana da kunnena a cikin gidanmu, kuma ban buɗe baki ba a lokacin, don ni ma kuɗin yaron sun taɓa biya mini wata buƙata.

Yaron ɗan yayata ne. Shekararsa bakwai a lardin Foggia. 'Yarsa wata biyar bayan tafiyarsa aka haife ta, a waya kawai ta san fuskarsa, in an ce ina Baba sai ta nuna aljihun uwarta. Kafin a ba shi izinin kawo iyali sai ya nuna albashin da aka rubuta a hukumance da shaidar gidan da ya dace a zauna, shi kuwa rabin aikinsa ba a rubuta shi, ɗakinsa ko adireshi ba shi da shi. Makon da aka gaya mini rasuwar tsohon na kira shi, na ba shi labarin hoton, mutum bakwai, ɗaya-ɗaya. Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama tari, na jira ya gama. Ya ce, Kawu, mu a ɗakinmu mu tara ne. Na ce tarin fa? Ya ce feshin magani ne, yana wucewa. An ba shi ranar zuwa ofishin 'yan sanda don sabunta takarda, sai watan Maris. Sannan ya ce in gaya wa Inna kuɗin kwanon rufi na nan tafe ƙarshen wata, zai kashe, katinsa ya kusa ƙarewa.